Shaho da Zaren Cikin Kwalba

Shaho ake kiransa, kuma babu wanda ya kai shi son sunan. In ka kira shi da sunansa na gaskiya sai ya yi kamar ba da shi kake ba. Aikinsa zama ne. A kamfanin lemon kwalba da ke bayan tashar manyan motoci, akwai wani lungu tsakanin injin wanki da injin cikawa, inda kwalaben da aka wanke suke wucewa a jere a kan bel, ta gaban wani farin allo mai fitila a bayansa. Kujera ɗaya ce a wurin, doguwa, ta ƙarfe. Wanda ke kanta shi ne na ƙarshe da zai ga cikin kwalba kafin a ɗura mata lemo a rufe. Duk abin da ya wuce shi, cikin wani zai tafi. Shaho ya daɗe a kan kujerar nan har ƙarfenta ya lotsa daidai mazauninsa, kuma a ganinsa kamfanin gaba ɗaya, daga manaja har mai gadi, a idonsa yake rataye.

Tun yana ƙarami yake da wannan ido. Uwarsa shinkafa take sayarwa a ƙofar gida, shi ne mai tsince mata tsakuwa. Yayyensa in sun tsince sai an sake, shi kuwa in ya ture tire ya ce ya gama, to an gama. Uwar ta riƙa faɗa wa maƙwabta, maƙwabta suka riƙa faɗa masa, har abin ya shiga kansa bai sake fita ba. Makaranta bai daɗe a cikinta ba, ya ce malamin bai iya ganin wanda ke satar amsa a gabansa ba, me zai koya wa wani? Ya yi dako, ya yi wankin mota, daga baya wani kawunsa ya sama masa aikin ɗora kiret a kamfanin. Wata rana mai duba kwalabe ya tashi kama ruwa, aka ce Shaho ya riƙe masa kujera. Mutumin ya dawo ya tarar an cire ƙazaman kwalabe fiye da abin da yake cirewa a yini. Sai aka mayar da mutumin wajen kiret, aka bar wa Shaho kujerar.

Mutane ba sa tausayin kwalba. In sun shanye lemon, sai su zuba mata kananzir, ko su kafa mata kyandir, ko su tura mata guntun taba, ko su bar ta a bayan ɗaki kyankyaso ya shiga ya rasa hanyar fita. Injin wanki yana iya ƙoƙarinsa, amma ba komai yake fitarwa ba. Kowace irin ƙazanta Shaho ya raɗa mata suna. Wadda bakinta ya ɓantare Mai Giɓi ce, wadda aka sa wa kananzir Mai Kwalliya, saboda launin da ke sheƙi a gindinta, mai kyankyaso kuwa Ɗan Haya yake ce mata. Yakan ce shi ba ya kallon kwalba, kwalba mai tsabta ba abin kallo ba ce, wucewa take kamar iska. Mai laifi ce ke kiransa, kafin ya san ya gan ta hannunsa ya riga ya fizge ta ya jefa a kwando. Kuma gaskiya ne, haka yake yi. Baƙi in sun zo zagaya kamfanin, nan ake tsayar da su su kalle shi, shi kuwa ya ƙara ɗage haɓa.

Akwai ƙa'idar da ta ce mai duba kwalabe ba ya daɗewa a gaban fitila, sai a canje shi ya je ya huta da ido, domin ido in ya daɗe yana kallon abu iri ɗaya sai ya saba, yana buɗe amma ya daina kai rahoto. Shaho ya ce wannan ƙa'idar ragwaye ce suka rubuta wa ragwaye. Abokin canjinsa wani dogon mutum ne mai sanyin hali, Dogo ake ce masa, Shaho kuwa Gyangyaɗi yake kiransa ko a gaban wa. In Dogo ya zo karɓar kujera sai ya kore shi da bayan hannu, ya ce ya je ya taya masu shara, can ne ba a kashe kowa da barci. Dogo ya gaji ya daina zuwa. Hediman ɗin layin, wato shugaban ma'aikatan wurin, wanda Shaho ya girme wa nesa ba kusa ba, ya yi magana har ya gaji, ya ga ba a taɓa dawo da kwalba da ƙorafi ba, shi ma ya kawar da kai.

A gida abin ya fi ban haushi. Shaho ba ya shan shayi sai ya ɗaga kofin ya karkata shi wajen taga, in ya ga ko da fiffiken ƙuda ne, ranar matarsa ba ta da sauran kwanciyar hankali. Amma mutumin nan matarsa ta sa aka sake wa falo fenti, daga shuɗi zuwa ruwan ƙwai, ya shiga ya fita, ya ci abinci a ciki, ya yi barcin rana a ciki, bai ce uffan ba. Sai da ƙaninsa ya zo gaisuwa ya yaba fentin, sannan ya ɗaga kai ya dubi bango kamar yau aka gina shi. Matar ta ce, “Baban Auta, wai kai da ake kai baƙi kallon idonka?” Ya ce launin bango ba ya shiga cikin kowa, don haka ba shi da lokacinsa. Autar tasu ma da aka yanka mata tabarau a asibiti, sai da ta tsaya a gabansa ta ce ya dube ta da kyau. Ya dube ta sama da ƙasa, ya ce akwai zare a kafaɗar rigarta.

Ana nan sai kamfani ya sauya kwalba. Aka kawo sababbi daga wata masana'anta, sirara, masu ƙugu a tsakiya, ba su kai tsofaffin nauyi ba. Shaho ya ɗaga ɗaya ya juya ta, ya ce kwalba dai kwalba ce, ko an yi mata ƙugu ko an yi mata wuya. A daidai lokacin ne kuma manaja ya ce dole a koya wa mutum na uku aikin fitila. Wadda aka zaɓa wata mata ce da ke sharar layin, mijinta direban kamfanin ne kafin ya rasu, kowa Gwaggo yake ce mata. Shaho da ya ji, sai da ya yi dariya har da tari. Ya ce yanzu kuma tsintsiya za a ɗora a kan kujera? Daga ranar sunanta a bakinsa ya koma Tsintsiya.

Aka ajiye mata ɗan benci a gefensa. Gwaggo ba ta san komai ba, kuma ba ta ɓoye hakan. Ɗigon ruwa in ya maƙale a jikin kwalba sai ta zabura. Kumfar da ke cikin gilashi, ƙarzuwar da bel ke yi, inuwar rubutun kamfani, duk abin tsoro ne a wajenta. Akwai jan maɓalli na tsayar da layi, wanda Shaho yake alfaharin ƙura ta rufe shi, ita kuwa a makon farko ta goge shi tas da yatsa. Duk sanda ta danna, injin cikawa ya yi ƙugi ya tsaya, masu aiki su juyo, Shaho ya ɗaga kwalbar sama don kowa ya gani, ya sanar da cewa Tsintsiya ta kama ɗigon ruwa da hannu biyu, a tafa mata. Wasu su yi dariya, ita kuwa ta ce a yi haƙuri, ta koma ta zauna tana murza gefen rigarta.

Wata safiya, layi na tafiya, ta matso kusa da shi.

“Yaya, akwai wani abu a waccan.”

“Wacce?”

“Ga ta can, mai zuwa. Kamar gashi a tsakiya.”

Ya kalla. Abin da ya gani shi ne abin da ya saba gani tun yana saurayi, ɗan layin haske da fitila ke jefawa a jikin gilashi. Ya ce mata haske ne. Ba ta danna maɓalli ba, don ta gaji da tafi, amma ta miƙa hannu ta ɗauke kwalbar. Ya fizge daga hannunta, ya ɗaga ta a gaban allo, ya juya, ya ce mata ta buɗe idon nan nata da ya saba da neman takarda a ƙasa, wannan walƙiya ce, in tana son kama walƙiya ta jira damina. Ya mayar da kwalbar kan bel. Gwaggo ta tashi kamar za ta zagaya, ta bi layin da sauri, ta cafke kwalbar dab da bakin injin cikawa, ta sa a aljihun rigar aiki.

Hediman ta kai wa. Shi ma da farko bai ga komai ba, sai da ta sa yatsa ta nuna masa wurin. Ya samo siririyar waya ya zura a hankali, suka ji wani ɗan ƙas, ƙaramin sauti kamar an karya ƙaya. Ya kifa kwalbar a kan farar takarda, sai ga wasu 'yan tsinkaye masu sheƙi sun zubo. Zaren gilashi ne, siriri kamar gashi, wanda ya miƙe daga bango zuwa bango a cikin kwalbar tun wajen ƙera ta. Tsofaffin kwalabe ba sa zuwa da irinsa. In lemo ya sauka a kansa da ƙarfi zai karye, ya ɓace wa ido, ya tafi maƙogwaron duk wanda ya saya.

Hediman bai ce wa Shaho komai ba a ranar. Ya sa aka binciko wasu masu zaren daga cikin sababbin da ba a buɗe ba, ya ɗiga musu jan fenti a ƙarƙashin gindi inda mai kujera ba zai gani ba, ya zuba su cikin layi, ya je ya tsaya a gaba. Suka zo ɗaya bayan ɗaya suka wuce ta gaban Shaho, yana zaune da haɓarsa a sama, har ya fizge wata Mai Giɓi a tsakaninsu ya jefa kwando da salo. Masu jan fentin kuwa ko ɗaya bai taɓa ba. Hediman ya tattaro su ya jera masa a kan tebur lokacin hutu, a gaban Dogo da Gwaggo.

Shaho ya ce makirci ne. Ya ce an haɗa baki da mai shara don a ci masa mutunci, kuma waɗannan kwalaben ba ta gabansa suka bi ba. Hediman ya bar shi ya gama, sannan ya yi masa bayani a natse, irin bayanin da aka yi musu a wani kwas. Ya ce ido ɗan aike ne kawai, yana kawo abu, ƙwaƙwalwa ce ke duba ajiyarta ta ce wannan wane ne. In abin da aka kawo babu irinsa a ajiya, ba ta cewa ban sani ba, sai ta laluba wanda ya fi kama da shi ta manna masa sunansa. Shaho yana da ajiyar walƙiya ta shekara da shekaru, don haka zaren yana zuwa aka ce masa walƙiya, aka ba shi hanya. Gwaggo kuwa ajiyarta fayau take, komai baƙo ne a wajenta, shi ya sa take tsayar da ɗigon ruwa, shi ya sa kuma ta tsayar da wannan.

“To ka ba ta kujerar mana,” in ji Shaho. “Tunda rashin sani ya zama gwaninta, ai ka samu shugaba.”

Hediman ya ce, “Baba Shaho, ba na son in raba ka da kujerar nan. Amma daga yau zuwa ƙarshen wata zan riƙa sako masu jan fenti ba tare da ka sani ba. In suna wuce ka, manaja zai ji, kuma ka san abin da zai ce.”

Ya kama hannun Shaho ya sa masa wayar, ya ce ya zura a ɗaya daga cikin kwalaben da kansa. Shaho ya zura yana taɓe baki. Wayar ta taɓa wani abu a inda idonsa ya rantse masa babu komai, ya ji ɗan ƙas ɗin ya biyo wayar har cikin yatsunsa. Ya ɗauki ta biyu ya ɗaga a haske. Ga shi nan. Ƙiri-ƙiri, a miƙe, har da ɗan lanƙwasa a tsakiya kamar igiyar shanya. Ya rasa yadda aka yi mutum mai ido zai kalli wannan ya ce walƙiya ce. Ya ajiye kwalbar, ya ce fitilar allon ce ta yi rauni, tun bara yake faɗa a canza ta. Bai taɓa faɗa ba, kuma duk wanda ke wurin ya san haka.

Washegari ya riga mai gadi zuwa. Ya zauna ya sunkuyo gaba, haɓar ta sauko, idanun sun fito. Kwalba ta farko mai jan fenti da ta zo ya cafke ta, ya ɗaga sama ya yi wa Hediman kirari da ita daga nesa. Ta biyu ma haka. Sai dai daga nan hannun ya ƙi tsayawa. Duk layin hasken da ya gifta a jikin gilashi, wanda a da yake bari ya wuce kamar iska, yanzu zare ne. Ya fizge, ya fizge, kwando ya cika aka kawo wani. Dogo aka sa ya riƙa bin kwandon da waya, ya zura a wannan babu, ya zura a waccan babu, ya mayar da su layi da ɗan murmushin da ya fi zagi ciwo. Injin cikawa ya riƙa haɗiyar iska saboda giɓin da ke cikin jerin, mai kula da shi ya leƙo ya tambaya ko yau Tsintsiya ce a kan kujera. Gwaggo tana bencinta, ta sunkuyar da kai.

Shaho ya ce gara ya cire ɗari masu kyau da ya bar ɗaya mai kisa, kuma duk wanda bai gane haka ba jaki ne. Maganar tana da kan gado, shi ya sa Hediman ya ƙyale shi kwanaki. Amma mutumin da bai taɓa yarda ya tashi daga kujera ba, yanzu ga shi yana kallon kowace kwalba ɗaya-ɗaya da ƙarfin tsiya, abin da bai taɓa yi ba. Kafin azahar idanunsa sun kaɗa sun yi ja, ruwa na bin gefensu. Dogo ya zo ya tsaya a bayansa, ya ce ko zai ɗan karɓe shi. Ya ce ya ɓace masa da gani. A gida ya daina cin abinci da magana, in ya rufe ido zare yake gani yana wucewa a jere.

Ana saura kwana kaɗan wata ya ƙare, mai ɗora kiret a can ƙarshen layi ya ɗaga wata kwalba cikakkiya, rufaffiya, ya yi kira. Guntun taba ne a ciki, ya kumbura ya yi suntum, yana yawo a saman lemon. Ba zaren da sai an nuna maka ba, guntun taba, irin wanda Shaho yake cewa ko makaho ya ji warinsa. Ta gabansa ta wuce yana can yana farautar gashi a tsakiyar kwalba, bai dubi gindinta ba. Aka yi ta miƙa kwalbar hannu zuwa hannu har ta iso lungun fitila. Ba wanda ya yi dariya, shi kuwa da an yi dariyar da ya fi masa sauƙi, don da ya samu wanda zai zaga.

Manaja bai ko kira shi ofis ba, Hediman ya aiko. An yanke cewa daga yanzu ba mai zama a kujerar shi kaɗai. Dogo da Gwaggo da wani da za a koya wa za su riƙa karɓar juna kamar yadda ƙa'ida ta ce tun farko. Shaho kuma an mayar da shi fili, inda motoci ke sauke kwalaben da aka shanye, ya riƙa ware koraye daga farare kafin su shiga wanki. Hediman ya ce ba a taɓa masa albashi ba, kuma in idonsa ya huta za a duba. Shaho ya sauko daga kujerar a hankali. Ya dubi Gwaggo da ke tsaye tana jira.

“Hau mana, Tsintsiya. Ki more shi yanzu da ba ki san komai ba. In kika iya aikin, ke ma kin gama gani.”

Ta ce, “To, Yaya,” ta hau. Kujerar ta yi mata tsawo, sai da Dogo ya turo mata kiret ta ɗora ƙafa.

Matarsa ya gaya wa cewa shi ya nemi canjin, fitilar ce ke cin idonsa, kuma ya gaji da yi wa jakuna gadi. Ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ba ta ƙara ba, don matar Dogo ta riga ta biyo ta gidan. A wajen mai shayi kuwa ya shiga gargaɗin mutane su daina shan lemon kamfanin, ya ce yanzu mai shara ce ke duba musu, duk wanda ya sha ya haɗiye abin da ya samu. Suka ce to, suka ci gaba da sha.

A fili aikin ba ya son ido, yaro ma zai iya, kore nan, fari can. Amma Shaho bai iya sakin kwalba haka nan ba. Kowacce sai ya ɗaga ta sama ya auna ta da rana, ya juya, ya ƙanƙance ido, alhali duk wanki za su shiga, kuma akwai masu dubawa a gaba. Kiret ya taru a bayansa har ya fi shi tsawo. Wani direba da ya gaji da jira ya leƙo ta tagar mota, ya ce, “Baba, kore ne ko fari? Abin da aka tambaye ka ke nan.”

Shaho bai ko waiwaye shi ba. Ya ce direba ai banda kwalta ba abin da ya taɓa gani a duniya. Ya jefa kwalbar a cikin koraye, ya ɗauki ta gaba ya ɗaga.